Aji ya gagare ni, mai lakwal kuma ya juya mini baya

Bakano a Yamai:
Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya kai mini iya wuya. Ni mutumin Kano ne, Ingilishi na karanta, na yi shekara huɗu ina koyarwa a gida kafin wani abokin kawuna da ke kasuwanci a Wadata ya haɗa ni da wata makaranta mai zaman kanta, lakwal kamar yadda kuke cewa, a nan Yamai. Na zo a watan Oktoba, farkon shekarar karatu. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba.

Aji uku aka ba ni, siziyam (ajin farko na sakandare) biyu da sankiyam (aji na biyu) ɗaya. Ɗaya daga cikin siziyam ɗin shi ya hana ni barci, yara 54 ne a ciki. Kafin in ajiye jakata an fara. Akwai wani yaro a benci na uku ta wajen taga, bai wuce shekara 12 ba, shi ne jagoran abin. Faransancina ba shi da ƙarfi, to duk kalmar da na faɗa ba daidai ba sai ya maimaita ta da irin muryata, aji ya kwashe da dariya. Daga nan sai su koma Zabarmanci, ni kuwa ko "zo in kashe ka" ba na ji. Ina tsaye ana magana a kaina, ban san me ake cewa ba.

Ranar Talatar da ta wuce ina rubutu a allo, na ba su baya, sai aka jefo ledar ruwa. Ta fashe a jikin allon, ta wanke rabin abin da na rubuta, ta jiƙa mini gaban riga. Na ga hannun da ya jefo, na yaron nan na wajen taga ne. Ban taɓa shi ba, Allah shaida ne, cewa na yi ya fita ya tsaya a bakin ƙofa. Washegari ubansa ya zo. Mai makarantar, wanda kuke ce wa fondater, ya kira ni ofis. Yaron na tsaye yana kaɗa makullin motar ubansa a yatsa, aka ce in ba su haƙuri. Na bayar. Da suka fita sai fondater ya ce mini, "Malam, yaran nan su suke biyan ka."

Tun daga ranar ajin ya zama kasuwa. Ga albashi kuma: sefa dubu 90 muka yi magana da baki, ban taɓa riƙe ta cif ba, na Disamba ma rabi aka ba ni. Ba mu rubuta komai ba. Takardar shaidar karatuna ta asali tana cikin durowarsa tun ranar da na zo, wai zai kai a duba. Ina da mata da ɗiya ɗaya a Kano suna jiran abin da zan aika. Don Allah ku ba ni shawara, ta ina zan kamo bakin zaren?

Mushe Ɗan Kontiragi:
Wa alaikumus salam. Malam ka yi haƙuri, amma kai ka sake musu tun farko. Yaro icce ne, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ranar da ya fara kwaikwayon muryarka ka zuba mishi bulala biyar gaban ƴan uwansa, da duk wannan bai faru ba. Mu haka aka yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba.

Madam Anglé ta CEG:
Mushe, don girman Allah kada ka tura bawan Allah nan cikin rami. An hana duka a lakwal, kai ma ka sani. Mutumin da aka sa ya ba da haƙuri don ya fitar da yaro waje, me kake zaton za a yi masa in ya ɗaga bulala? Baƙo ne fa, kuma ba shi da takarda ko ɗaya a hannu. Kafin la'asar za ka ji shi a komisariya, wajen ƴan sanda.

Mushe Ɗan Kontiragi:
Madam, hanawa a takarda daban, abin da ke cikin kalas daban. Ni yara 90 gare ni a rumfar zana. Ki zo ki gwada musu lallashi mu gani.

Tsohon Mushe, Bukoki:
Sannu ɗana, Allah shi huce zuciyarka. Na karanta zancenka sau biyu, ya tuna mini da ƙuruciyata. Ni mutumin Tawa ne, kuma shekara uku na yi ina koyar da Faransanci a wata sakandare cikin ƙasar Katsina, lokacin ana ce muna ƴan Faranshi. Abin da anka yi maka da Zabarmanci, ni da Ingilishi anka yi mini shi. Don haka na san zafin tsayuwa gaban yara suna dariya ba ka san dalili ba.

Ga abin da na gane daga baya. Yaro bai auna ilimin malami, matsayinsa yake aunawa. Tun satin farko suna kallo: wa ke gaishe ka cikin malamai, ina kake zama lokacin hutun ƙarfe goma, in ka kai ƙara me ke biyo baya. Ranar da fondater ya sa ka ba da haƙuri gaban yaro, ba yaro ɗaya ya ji ba, su 54 sunka ji kafin a tashi. Ba ajinka ne tushen ciwon ba, ofis ne. Bulala ba ta gyara wanga, don ko ka doke shi ya san inda za shi kai ka.

In tambaye ka abu biyu. Cikin yaran 54, sunan nawa ka sani? Kuma surbeyan lakwal ɗin, mai kula da ladabin ɗalibai, kun taɓa zama kun sha shayi tare?

Bakano a Yamai:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Gaskiya sunayen da na riƙe ba su wuce goma sha biyar ba, su ma yawanci na masu fitinar ne. Surbeyan kuma gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Lokacin hutu nakan zauna ni kaɗai a aji, don in na shiga ɗakin malamai Faransanci da Zabarmanci ake yi, sai in ji kamar na takura musu.

Tsohon Mushe, Bukoki:
To ka gani. Yaran kirki kusan arba'in suna nan zaune ba ka san sunansu ba, shi kuwa mai jifa kullum sunansa na bakinka. Ka ba shi sarauta ba ka sani ba. Gobe ka ɗauki takarda ka zana bencina, ka rubuta sunan kowa inda yake zama, ka aje ta bisa teburinka. Kira yaro da sunansa da na ubansa ya fi tsawa goma. Kuma ka bar zaman kaɗaici. Shiga ɗakin malamai ko ba ka jin abin da ake faɗi, mafi yawansu suna jin Hausa, kai ne ba ka taɓa su da ita ba.

Madam Anglé ta CEG:
Baba ya faɗi babba. Ni bari in shiga cikin ajin kansa, don shekarata 16 ina koyar da wannan darasi. Malam, akwai abin da malaman da ke zuwa daga Najeriya da Gana ba su cika lura da shi ba. A wajenku yaro tun firamare yake jin Ingilishi, a allon kanti yana ganinsa, a rediyo yana jinsa. A nan, a lakwal ɗin gwamnati sai a siziyam ake fara shi. Yaron da ke gabanka ya yi shekara shida a firamare, daga CI zuwa CM2, yana kokawa da Faransanci, a gida yana Zabarmanci ko Hausa, wani ma da Fulatanci ko Tamajak. Ingilishi shi ne harshe na uku ko na huɗu a kansa. In ka tsaya minti goma kana bayani da shi, bayan minti biyu ka bar su a baya. Yaron da bai gane ba kuwa ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba, zai tsokani na kusa da shi ne. Rabin surutun da kake ji, rashin fahimta ne.

Abin da nake yi shi ne, ba na barin hannunsu ya zauna banza. Kafin su shigo na riga na rubuta ɗan aiki a tablo, kalma biyar da za su kwafa a kaye, littafinsu na rubutu, don minti biyar na farko su ne ke yanke yadda sa'ar za ta kasance. Sannan ka sa su zo da arduwaz, ƙaramin allon nan da suka saba da shi a firamare. Akwai hanyar da duk ɗan lakwal a ƙasar nan ya sani, ana ce mata La Martinière: ka yi tambaya, ka buga tebur sau ɗaya su rubuta, ka sake bugawa kowa ya ɗaga allonsa. A kallo ɗaya ka ga wanda ya gane da wanda bai gane ba, kuma ba ka ba su baya ba. Ledar ruwan nan lokacin da ka juya aka jefo ta. Ka rage juyawa. In rubutu mai yawa ne, ka yi shi kafin su shigo, ko ka kira yaro ya rubuta kai kana fuskantar aji.

Kuma ka yi amfani da Hausarka! Kada ka ji kunya. Yaran Yamai da yawa suna jin ta ko da Zabarmanci suke yi a gida. Umarni da Hausa, darasi da Ingilishi. Faransancin da suke yi maka dariya a kansa, ka rage shi iyakar iyawarka.

Surbeya na Harobanda:
Malam, ni aikin surbeya nake yi a wani lise a ƙetaren gada, kuma uwata Bazabarma ce. Riƙe waɗannan: "wa dangay" shi ne ku yi shiru, "wa goro" ku zauna. Ranar da ka faɗe su ba tare da murmushi ba, za su fara shakkar ko kana jin sauran abin da suke faɗi. Sannan ka daina fitar da yaro da kanka ya tsaya bakin ƙofa, mu nan ba haka tsarin yake ba. Rubuta abin da ya yi a ƴar takarda, da rana da sa'a, ka aika shugaban aji ya kira surbeya. Shi ke da hurumin rubuta wa uba takardar kira. Kowace lakwal tana da dokokinta na cikin gida a rubuce, nemi kofi ka karanta. In uba ya zo da faɗa, takarda ce za ta amsa masa, ba kai ba.

Maman Biyu:
Ku yi mini afuwa, ni ba malama ba ce, uwa ce, yarana biyu suna lakwal mai zaman kanta a Yantala. Duk kun taru kan iyaye kamar mu ne matsala. Mu ma muna da abin faɗi. Muna hana kanmu sutura mu biya kuɗin nan kashi uku, don an ce mana akwai Ingilishi. Shekara ɗaya an canza wa ɗana malamin Ingilishi sau uku, kowanne ya zo ya fara daga gaisuwa da sunayen ranaku. Wani ma sai ihu da zagi, yarinyata ta dawo tana kuka an ce mata jaka. To in na je na yi magana sai a ce ina ɓata yaro?

Amma uban da ya bari malami ya ba ɗansa haƙuri a kan jifa, wallahi ya cuci ɗan. Ni da nawa ne, a gaban malamin zan sa shi ya durƙusa.

Madam Anglé ta CEG:
Maman Biyu, ki tambayi kanki me ya sa malamai uku suka tafi cikin shekara ɗaya. Irin labarin Malam ne kike gani ta ɗaya gefen.

Ɗan Adar a Abijan:
Salamu alaikum. Ni ɗan Tawa ne, a Jami'ar Abdou Moumouni na yi karatun Ingilishi, yanzu shekarata biyar ina koyarwa a Abijan. Duk shawarar aji da anka ba ka mai kyau ce, amma ni abu ɗaya ya tsaya mini a rai: difilom ɗinka cikin durowar wani. Ɗan uwa, wannan shi ne igiyar da anka ɗaure ka da ita.

Lakwal ta farko da na yi aiki a Abobo haka anka yi mini. Mai ita ya amshe takarduna, ya ce sai ƙarshen shekara. Yara na yi mini nushi, wato yaren titin Abijan, suna kwaikwayon yadda nake faɗin Faransanci, suna kirana da sunan masu tallan kaya a kai, don abin da sunka san ƴan Nijar da shi ke nan. Can ma an hana duka tun 2009, kuma ni ban da niyyar yi. Na haƙura wata bakwai, ina bin bashin wata uku. Ranar da na ce zan tafi, ya ce in na fita ba takarda ba kuɗi. Sai da na tafi Ajame wajen dattawanmu, mutum biyu sunka sa manyan riguna sunka raka ni ofishinsa. Ba su ɗaga murya ba, gaisuwa sunka yi mai tsawo, sannan babban ya ce yaron nan namu ne, mun zo amsar takardunsa. Nan take ya buɗe durowa. Kuɗin dai wata ɗaya kaɗai na samu, sauran na bar wa Allah.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne lakwal ta biyu. Yaran unguwa ɗaya ne, halinsu ɗaya, ni ma ban canza ba. Amma satin farko darekta ya shigo ajina, ya tsaya kusa da ni, ya ce wanda ya raina wannan malami ni ya raina. Magana ɗaya. Ban sake shan wahalar da na sha a Abobo ba. Don haka ina tare da Baba, gyaran daga ofis yake farawa. Wanda ya haɗa ka da lakwal ɗin nan, abokin kawunka na Wadata, shi ne dattijonka. Ka tafi gare shi tun yau.

Darekta a Lazare:
Na ga ana ta jifan masu lakwal, bari in ce wani abu tunda ni ke riƙe da wata, ko da yake ba tawa ba ce. Ba kowane jinkirin albashi ne mugunta ba. Iyaye da yawa ba sa biyan kashi na biyu sai an kori yaro gida sau biyu, ga haya, ga wuta da ruwa. Lakwal masu zaman kansu sun yi yawa a Yamai, in ka ɓata wa uba ɗaya mai yara huɗu rai, gobe ya kwashe su zuwa ta bayan layi. Tun da kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka fitar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, kowane uba Ingilishi yake tambaya kafin ya biya. Shi ya sa ake rububin ɗauko malamai daga waje, wani lokaci ba tare da an shirya yadda za a riƙe su ba.

Wannan bayani ne, ba kariya ba. Riƙe difilom na asali ba daidai ba ne, kofi ake ajewa. Tsawata wa malami gaban ɗalibi kuma, wanda ya yi haka lakwal ɗinsa yake rushewa da hannunsa. In malami ya yi kuskure, a rufe ƙofa a gaya masa.

Mushe Ɗan Kontiragi:
Darekta, haya da wuta ba sa jira, malami ne kaɗai ke jira? Shi ba ya biyan haya?

Darekta a Lazare:
Ban ce haka ba, Mushe. A wajenmu in kuɗi sun yi ƙaranci, muna tara malamai mu faɗa musu ranar da za a cika, kuma mu rubuta. Abin da nake so Malam ya gane shi ne, in ya shiga ofis da faɗa zai tarar da mutumin da shi ma yake cikin matsi. Ya shiga da lissafi a rubuce.

Hajiya Mai Shari'a:
Na yi shekaru ina aikin kula da ma'aikata a wani kamfani, bari in faɗi abin da doka ta ce. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce kwantiragin ma'aikaci baƙo dole ya kasance a rubuce, kuma a kai shi hukumar samar da aiki, ANPE, ta sa masa hannu. Nauyin kaiwa yana kan mai ɗaukar aiki, ba kan ma'aikaci ba. Albashin wata ana biyansa cikin kwana takwas bayan ƙarshen watan, tare da takardar biya. Akwai kuma rajista a CNSS, asusun kula da jin daɗin ma'aikata. Wurin kai ƙara shi ne ofishin sufeton aiki, kuma sukan fara da sulhu ne kafin a je kotu.

Amma ɗana, kafin ka taka can, yaya takardunka na zama suke? Nijar ta fita daga CEDEAO, wato ƙungiyar ECOWAS, tun Janairu 2025, kada ka zauna kan abin da aka saba da. Ka je ofishin jakadancin Najeriya ka yi rajista, ka tambaye su abin da ake nema yanzu. Sannan daga yau duk abin da aka ba ka, ka rubuta rana da adadi a littafi ɗaya. In ka tambayi cikon kuɗinka, ka yi ta saƙon waya cikin ladabi, don amsarsa ta zama shaida cewa dubu 90 kuka yi.

Bakano a Yamai:
Hajiya, a nan ne gabana ke faɗuwa. Da katin ɗan ƙasa kawai na shigo ta Maraɗi, fondater ya ce shi zai yi mini komai. Ina tsoron in ɗaga maganar doka abin ya juyo kaina.

Hajiya Mai Shari'a:
Shi ya sa na ce ka fara da ofishin jakadanci da dattijonka, sufeto ya zama na ƙarshe. Shi ma fondater ya san bai cika nasa ba, ba zai so maganar ta fita ba.

Mushe Ɗan Kontiragi:
Ni dai in ni ne, in amshi takardata in hau mota. Kano ba ta ƙare da makarantu ba. Mutunci ya fi jika 90 da ba a biya.

Tsohon Mushe, Bukoki:
Mushe, kana da gaskiya wajen mutunci, amma kada mu yanke mishi. Shi ya san abin da ya baro gida. Ni abin da nake gudu, ya tafi tsakiyar shekara da bashinsa a baya, ya isa Kano hannu wofi ga azumi tafe. Ya fara amsar takardarsa. Mutumin da takardarsa ke aljihunsa, ko tsayuwarsa gaban aji daban take.

Bakano a Yamai:
Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha shida da na kawo kukana nan, ya kamata in dawo in faɗa muku inda aka kwana.

Na je wurin Alhaji a Wadata. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce me ya sa ban faɗa masa tun Nuwamba ba. Ranar Asabar ya rufe shago muka je tare. An ba ni takardata, tana hannuna yanzu, na yi kofi uku. Na kai lissafin abin da nake bi a rubuce kamar yadda Darekta ya ce, dubu 95 ne. Fondater ya ba da 40 a take, ya sa hannu a kan sauran. Maganar kwantiragi kuwa ya ce sai sabuwar shekarar karatu, Alhaji ya matsa, bai motsa ba. Ofishin jakadanci na je sau ɗaya, an ce in dawo da hotuna.

Aji kuma, na zana bencina kamar yadda Baba ya ce, yanzu na riƙe suna 41. Ranar farko da na gwada arduwaz na ga abin da ya sanyaya mini jiki: na ce su rubuta sunan launi uku da muka yi tun Nuwamba, yara 19 suka ɗaga allo babu komai a kai. Wata yarinya a bencin ƙarshe, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga nata tana rufe fuska da mayafi. Wata uku ina ta gudu ni kaɗai ashe. Na koma baya, da Hausa nake ba da umarni yanzu. Da na ce "wa dangay" sai da ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan wani daga baya ya tambaye ni da Hausa wa ya koya mini.

Yaron taga bai canza ba. Jiya ma ya yi ta buga benci da bik. Na rubuta, surbeya ya zo ya tafi da shi, bayan minti goma aka dawo da shi ba a ce komai ba. Bambancin kawai, waɗanda ke yi masa dariya sun ragu, ba su fi shida ba yanzu. Surbeyan mutumin kirki ne, ɗan Dogondutsi, ya faɗa mini a asirce cewa shi ma an hana shi rubuta wa wannan uban takarda.

Ban yanke shawarar zama ko tafiya ba. Zuciyata ta fi karkata ga in kai Yuni saboda yara 19 ɗin nan.

Ɗan Adar a Abijan:
Alhamdu lillahi da takarda ta fito. In za ka kai Yuni, ka tambaya tun yanzu ko ana biyan watannin bakans, wato dogon hutu, don da yawa ba sa biyan Yuli zuwa Satumba, kada ka wayi gari ba kuɗin mota. Kuma ka fara neman wata lakwal tun Afrilu, ka tambayi malamanta, ba mai ita ba.

Maman Biyu:
Yarinyar bencin ƙarshen nan ta tsaya mini a rai. Malam ka dawo da ita gaba don Allah, ka duba ko tana ganin tablo ma.

Madam Anglé ta CEG:
Maganar Maman Biyu gaskiya ce, ka gwada ta da rubutu daga nesa. Yara 19 ɗin kuma kada ka ware su gefe ɗaya, ka raba su cikin waɗanda suka gane, biyu-biyu. Ranar Alhamis ina da siziyam ƙarfe takwas, su 71 ne. In ba ka da darasi a lokacin ka zo ka zauna a baya ka kalla, zan sanar da darektanmu. Ka turo mini saƙo ta gefe in kwatanta maka wurin.

Bakano a Yamai:
Alhamis sai ƙarfe goma nake shiga, Madam. In sha Allahu zan zo. Yarinyar kuma gobe zan dawo da ita benci na biyu.